Mai Jinyar Takarda

Ɗan Kawu, sannu da hutawa. Ban tambaya ba, na san hutawa kake yi, don tun muna yara ba a taɓa zuwa aikenka aka same ka a tsaye ba. Littafin da ka turo mini ta waya ya iso, na kuma karanta shi daga farko har tammat, alherin da na tabbata ko uwargidanka ba ta yi maka ba. Ka ce in gaya maka gaskiya amma ta tsaya tsakanina da kai. Ka manta da wadda kake magana. Yaushe taubashiya ta taɓa rufa wa taubashinta asiri, balle mai shafi a jarida? In ka ji zafi ka kai ƙara wurin Goggonka. Ita ta haife ni, kai kuma ɗan wanta ne, sai mu ga wanda za ta zaɓa.

Ga masu karatun da Allah ya tsare daga wannan littafi, ga abin da ke ciki. Wani babban ma'aikaci ne a Abuja, dogo, mai saje, mai kyauta (a nan na gane ba tarihin kanka kake rubutawa ba), aka buga masa waya cewa mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi. Ya rufe ofis, ya ɗauki mota, ya bi ta Kaduna da Zariya da Funtuwa, ya isa garinsu daidai faɗuwar rana, shanu na komowa, hayaƙin tuwo na tashi. Shafi 7 ka ɓata wajen kwatanta wata kuka da ke bakin gari, kai da ko miyarta ba ka sha sai an yi maka dole. Ya zauna jinya. Cikin jinyar ya ci karo da yarinyar da ya so tun firamare, wadda ka kashe wa miji wata 5 kafin isowarsa don ta gama takaba a kan kari. Ya gyara rijiyar unguwa, ya sasanta liman da na'ibi, ya gano cewa zaman Abuja ƙarya ne. A babi na 20 tsohon ya kama hannunsa, ya yi masa jawabi mai shafi 4, ya yi kalmar shahada, ya cika. A babi na 21 aka ɗaura aure.

Tambaya ɗaya na yi ta nema wa amsa har littafin ya ƙare: wa yake juya tsohon nan?

Kai ka rubuta da hannunka cewa ɓarin damansa ya shanye, wata 8 yana kwance. Mutumin da ba ya iya motsa kansa, in aka bar shi a gefe guda, fatar ƙugu da ta diddige da ta ƙasan baya sai ta mutu, ta buɗe ta zama gyambo, kuma gyambon kwanciya kan iya kai mutum kushewa ba tare da ciwon farko ya sa hannu ba. Shi ya sa ma'aikatan asibiti ke cewa a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. Dare da rana fa, ɗan Kawu. Gwarzonka kuwa yana can zaure a kishingiɗe, yana sauraron kukan gyare, yana tunanin duniya. Wa ya shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado? Wa ya wanke zannuwan tun asuba, ya shanya su a bayan ɗaki kafin 'yan dubiya su fara sallama? Wa ya fita da fo? Wa ya tayar da shi zaune, ya ba shi kunu cokali-cokali yana jira ya haɗiye, don mai shanyewar jiki kan ƙware, abinci ya bi hanyar numfashi ya sauka huhu, daga nan sai tari da zazzaɓi? A littafinka kwano kan shiga ɗaki cike, ya fito a wanke, ba a ga hannun kowa ba. In aljanu ne ke aikin, ka faɗa mana tun a babi na farko, mu san irin littafin da muke karantawa.

Jawabin nan mai shafi 4 kuma, ko ɗan kemis ka tambaya zai gyara maka shi. Ga mafi yawan mutane, sashen ƙwaƙwalwar da ke riƙe da magana yana ɓangaren hagu ne, kuma ɓangaren hagun ne ke juya ɓarin dama na jiki. Saboda haka wanda damarsa ta shanye, sau da yawa magana kan tafi tare da ita. Ya san abin da yake so, ya buɗe baki zai ce ruwa sai ya ce takalmi, a kawo takalmi ya fusata ya yi jifa da shi. Tsohonka kuwa har karin magana yake jerawa. Ka mayar da shi ƙusar bango, wurin da gwarzonka ke rataye tunaninsa in ya gaji da yawon bakin rafi.

Ban ɗora maka laifin duka ba, don ba kai ka ƙago ba, aro ka yi, halinka tun zamanin hular sallah. Amurkawa ne suka mayar da irin wannan labari sana'a. Akwai wata tashar talabijin a can mai suna Hallmark, duk ƙarshen shekara sai ta zubo finafinai masu zubi ɗaya: 'yar birni ta koma ƙaramin garinsu, wani lokaci don kantin iyali zai durƙushe, wani lokaci don tsoho ba lafiya, ta tarar da saurayinta na makaranta yana nan bai yi aure ba, shi ke nan ta fasa komawa. A wurinsu abin yana da tushe. Yaro kan bar gida yana ɗan shekara 18, jami'a ta kai shi wata jiha, aiki ya kai shi wata, tsofaffi kuma akwai gidajen da ake biya a kula da su. Wanda ya ajiye aikinsa ya koma don ya zauna da uwarsa ya yi abin da ba kowa ke yi ba, ya cancanci a ba da labarinsa. Mu nan zuwa gida don tsoho ba lafiya ai ba labari ba ne. Ƙin zuwan ne labari, shi ake tattaunawa a gidan suna da bakin rijiya.

Ko a can ɗin ma, masu rubutun gaske ba haka suke yi ba. Ka nemi Home na Marilynne Robinson, wanda ya fito a 2008 ya ci kyautar Orange a 2009. Na san ba za ka saya ba, ka ara. A wani ɗan gari ne mai suna Gilead a jihar Ayowa, a shekarar 1956. Glory, malamar makaranta mai shekara 38, wadda wani ya ɓata wa shekaru da alkawarin aure, ta komo gida ta zauna da mahaifinta, tsohon limamin coci da ƙarfinsa ya ƙare. 'Ya'ya 8 ya haifa, kowa yana can da iyalinsa, ita da ba ta da kowa ita ce a bakin murhu. Ana nan sai ga wanta Jack, mashayi, wanda ya yi shekara 20 ba a ga ƙeyarsa ba, ko jana'izar uwarsu bai zo ba. Daga ranar da ya shigo, hankalin tsohon ya koma kansa kacokan. Shi ake jira a ci abinci, shi ake yi wa addu'a, motsinsa ake saurare da dare. Jack ya share lambu, ya tayar da tsohuwar motar gidan, ya yi iya ƙoƙarinsa, sannan ya tattara ya tafi tun uban bai cika ba. Glory kuma aka bar mata gidan, gidan da ba ta taɓa so ya zama makomarta ba. Ba a yi wa kowa aure a babin ƙarshe ba. Abin da marubuciyar ta gani, wanda kai ka tsallake, shi ne a gidan jinya akwai mai aiki akwai kuma wanda ake marmari, kuma da wuya su zama mutum ɗaya.

Anna Quindlen ma ta taɓo wurin a One True Thing na 1994, wanda aka yi fim ɗinsa a 1998 da Meryl Streep. Uwa ce ta kamu da ciwon daji, uban farfesa ne a jami'ar garin, ga 'ya'ya maza 2, amma 'yar da ke aikin mujalla a birnin Niyok aka ce ta ajiye ta dawo. Da uwar ta rasu aka ga maganin kashe zafi ya yi yawa a jikinta, wa aka kama? Ita mai jinyar.

Maza kuwa, manyan marubuta sun daɗe da sanin halinku. A Kokoro na Natsume Soseki, wanda ya fito a Japan a 1914, wani saurayi ya gama jami'a a Tokiyo ya koma ƙauyensu, ubansa na fama da ciwon ƙoda. Ya zauna, amma rabin ransa na birni. Ranar da tsohon ya shiga magagin ajali, 'yan uwa sun kewaye shi, sai ga wata doguwar wasiƙa daga malamin da yake girmamawa. Ya leƙa ƙarshenta, ya sulale ya nufi tasha, ya hau jirgin Tokiyo, ya bar uban a kwance. Ga kuma namu na gida, Obi Okonkwo, a No Longer at Ease na Chinua Achebe na 1960. Mutanen Umuofia sun tara fam 800 sun tura shi Ingila, ya dawo ya zama babban ma'aikaci a Legas. Ya je gida ya tarar da uwarsa ciwo ya cinye ta, amma abin da ke ransa shi ne a yarje masa auren Clara, wadda zuriyarta osu ce, waɗanda al'adar wurin ta hana aure da su. Uwar ta gaya masa in ya aure ta tana raye za ta kashe kanta. Ya koma Legas. Da ta rasu, kuɗi ya aika, bai je ba. Achebe bai yi wa Obi kwalliya ba, shi ya sa har yau muke ganin sa a cikin 'yan uwanmu. Ban faɗi suna ba.

Kai har Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, in ka duba da kyau labarin ciwo ne. Ɗan sarki ne ba lafiya. Sai dai gwarzon bai zauna kusa da shi ba, duniya ya shiga neman magani, mu kuma muka bi shi, muna dariyar abin da ke faruwa tsakaninsa da Malam Zurƙe, mara lafiya yana can sai ƙarshen littafi aka waiwaye shi. Alhaji Imam dai ya dawo da ruwan. Naka gwarzon da katon ɗin Maltina ya iso.

Sannan akalar motar ma ka juya ta. A ƙasar nan ba ɗan birni ke komawa ƙauye ya tare ba, mara lafiyan ake ɗaukowa. A yi shatar mota, a shimfiɗa katifa a baya, a nufi Kano ko Zariya ko Kaduna, masu hali su wuce Masar ko Indiya. A sauke shi a gidan ɗansa, a kwashe yara daga ɗakinsu a ba shi. Da safe ɗan ya leƙa ya ce "Baba ya jiki?", ya ɗauki makullin mota ya tafi ofis, sai magariba. Matar ɗan ce ke dama kunu, ita ke dafa ruwan wanka, ita ke karɓar dangin miji da suka zo dubiya suka yi mako, ga ta da kunyar suruki, ko ido ba ta iya haɗawa da shi. In an kwantar da shi a asibiti, mai jinya ta ɗauki tabarma da buta da filas, ta kwana a baranda, ita ke bin layin kati, ita ke zuwa sayen allura da ruwan ƙari. Ranar da ka ga motar ta juya ta nufi ƙauye da mara lafiya a ciki, kowa ya san ma'anarta ko ba a faɗa ba. Ko dai likita ya ja babban ɗa gefe ya yi masa magana a hankali, ko kuma kuɗi sun ƙare, sai a ce za a koma a gwada na gida. Tafiyar nan kaɗai, daga ƙofar asibiti zuwa ƙofar gida, da abin da ake faɗa da abin da ake haɗiyewa a cikin motar, ta fi littafinka duka nauyi.

Maganar kuɗi kuwa ko sau ɗaya ba ta fito a bakin kowa ba a shafukanka, sai ka ce a Aljanna ake jinyar. Sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, kuma duk da dokar inshorar lafiya da aka sa wa hannu a 2022, tsohon manomi a ƙaramin gari bai san da zamanta ba. Maganin hawan jini kullum ne, ba a fashi. Famfas na manya ba ya jiran albashi. Gashin ƙashi kowane zuwa da kuɗinsa da kuɗin mota. A nan ake sayar da tunkiya, a jinginar da gona, a nan kuma zumunci ke nuna ainihin fuskarsa. An buɗe zauren dangi a WhatsApp, in aka saka hoton tsoho kowa ya turo addu'a har da furanni, in aka saka lissafin kemis sai ka ji tsit, kowa wayarsa ta lalace. A bakin gaskiya a jinyar Kawu kai kana turowa, ba zan ci haƙƙinka ba. Sai dai kana turowa ne ka bi da kira sau uku kana tambaya ko alat ya shiga, don kowa a tsakar gida ya ji.

Yanzu mu zo kan kama hannu. Gwarzonka ɗan fari ne, kai ma haka. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, yaushe Kawu ya taɓa kiran sunanka? "Yaron nan" kake, ga furfura ta fara fito maka. Wane Bahaushen tsoho ne zai riƙe hannun ɗan farinsa, ya dube shi ido cikin ido, ya ce yana alfahari da shi? Ai ko ciwo bai isa ya cire wannan kunya ba. Ƙaunarsa ta wata hanya take bi. Zai tambayi amaryarsa, kana zaune a wurin, "An ba baƙon nan abinci?" Zai ture naman da aka sa masa a farfesu ya ce ba ya so, a kai zaure. In la'asar ta yi zai fara fusata ba dalili, ya ce ka tashi ka kama hanya, don ba ya son dare ya yi maka tsakanin Kaduna da Abuja. Wannan duk ka gani da idonka, an yi maka shi, ka bar shi ka je ka kwaso na fim.

Kunyar nan ita ke raba aikin jinya tun kafin kowa ya buɗe baki. 'Ya mace ba za ta yi wa ubanta tsarki ba, ɗa namiji ba zai yi wa uwarsa wanka ba. Matar tsohon kuma ita ma ta tsufa, ko kuwa ba ta da ƙarfin ɗaga shi. To wa ke ɗagawa? A gidan Kawu ka san amsa: almajirin nan da ya zo neman aikin wanke-wanke, ya wayi gari shi ne ƙafafun maigida. Shi ke cicciɓar sa zuwa bayan gida, shi ke fito da shi hantsi, shi kaɗai ke gane abin da yake nufi in ya ce takalmi. Marubuci Tolstoy ya san da irinsa tun 1886. A labarinsa na mutuwar Ivan Ilyich, babban alƙali na kwance, mata da 'ya suna lissafin fita kallon wasa, yaron gida Gerasim ne ke fitar da bahayarsa, shi ne ke ɗora ƙafafunsa a kafaɗa ya kwana zaune don ciwon ya lafa. Wannan attajirin Rasha ne ya ga irin wannan yaro ya sa shi a littafi. Kai ka iya sunan naku na yanka?

Sai ƙanwarka. A littafin ka ba gwarzonka ƙanwa, ta fito sau ɗaya ta ajiye masa ruwan alwala ta koma, ko suna ba ka raɗa mata ba. To bari in tuna maka yadda ake zaɓen mai jinya a gidajenmu. Ba a zama, ba a ƙuri'a. Masu aure sai da izinin miji, a ba su mako guda, yara na makaranta, kishiya na ƙirga kwana, su koma. Maza suna wurin nema. Sai a waiga a ga wadda aurenta ya mutu tana zaune a ɗakin uwarta, a ce ai wance tana nan, ba abin da take yi. Keken ɗinkinta ya yi ƙura, masu kawo ɗinki suka gaji suka sauya wuri. Manema suka zo aka ce su dakata sai jikin Malam ya yi sauƙi, suka dakata har suka auri wasu. Ita ke tashi awa-awa. Ita ke karɓar 'yan dubiya, waɗanda kowanne ya zo da likitancinsa: wannan ya ce iska ce ta buge shi a nemo mai ruƙiyya, wancan ya ce jifa ne, wata ta kawo rubutu, wata zuma da habbatus sauda, wani ya rantse maganin asibitin ne ke ƙara kwantar da shi a daina. Kowa ta ce masa to, ta ba shi ruwa da fura, ya tafi, ta ɓoye abin da ya kawo ta ba tsoho ƙwayarsa. In an tambaye ta ya mai jiki, ta ce da sauƙi. Ita ba wanda ke tambayar ta nata jikin.

Ga kuma inda abin ya fi ciwo, wanda da marubuci ne kai da nan ka kafa alƙalami. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta hana ɗa nuna wa iyayensa ko ƙanƙanin gundura idan tsufa ya kama su a wurinsa. To wa ke cikin haɗarin wannan zunubi? Wanda ke Abuja ba zai taɓa yi wa ubansa tsaki ba, ai ba ya nan. Wadda ta sauya zani ƙarfe 2 na dare, ta koma ta kwanta, ƙarfe 3 aka sake ɓata shi, ita ce tsaki kan kuɓuce wa, ta fita tsakar gida ta yi kuka, ta yi istigfari, ta koma ciki. Tsohon kuma ita yake yi wa faɗa, ita ce mai hana shi gishiri, ita ce mai matsa masa hannu da zafi. Rana ɗaya sai ga ƙarar mota a ƙofar gida, fuskar tsoho ta washe, ya ci abincin da ya ƙi ci kwana biyu, dangi su ce kun gani, ɗansa yake so ya gani. Ka zauna awa ɗaya, ka ɗauki hoto, ka ce ɗakin yana ɗan wari a riƙa sa turare. Wallahi ranar da ka faɗi haka, ba don ana kallo ba da muciya za ta raka ka mota.

Abin mamaki, ba sai ka je Ayowa neman gwarzo ba. Uwaisul Ƙarni yana Yaman a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa ganin sa ba, malamai suna cewa hidimar mahaifiyarsa ce ta tsare shi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya ba Sayyidina Umar labarinsa, ya ce in ya same shi ya nemi ya roƙa masa gafara, Umar kuwa ya yi ta tambayar ayarin mutanen Yaman har ya gano shi. Wanda bai je ko'ina ba aka aika Umar ya nema. Kai ka tsallake mai irin aikinsa a tsakar gidanku, ka ɗauko mai saje.

Saura babi na 20, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. Ka ce ƙagaggen labari ne, bai shafi kowa ba. To tsohon littafinka tela ne a da, yana da tabo a goshi, yana sauraron rediyo da asuba, yana kiran duk ɗan boko "bature". Duk garin nan mutum nawa ne haka? Ka kuma kashe shi, har da kwatanta likkafani da yawan sahun jana'iza. Kawu kuwa, alhamdu lillahi, yana nan daram. Ya fara takawa da sanda, yana fita majalisa bayan la'asar, magana ta dawo, abin da ya fara dawowa kuma faɗa ne. Bai san ɗan farinsa ya riga ya binne shi ya yi aure a kan kabarinsa ba.

Saboda haka ga sharuɗɗana. Ka ɗauki hutu, ba na kwana ɗaya ba, ka zo ka karɓi dare, ƙanwarka ta taho gidanmu ta yi barcin da ta manta ɗanɗanonsa. Ka sa a gyara mata keken ɗinki. Ka yi wa yaron nan ɗinkin sallah irin na 'ya'yanka, ka tambaye shi garinsu. Sannan watan cika-ciki na tafe, kuɗin shara na bara da ka ce babu sabis, da na bana, a haɗa mini su wuri ɗaya. In ɗaya ya faɗi, zan ɗauki wayata in je majalisar Kawu, in gaishe da kowa, in karanta musu babi na 20 da babbar murya, in kuma faɗi wanda ya rubuta. Ka tuna damarsa ce ta shanye. Hagunsa lafiya lau take, da ita kuma yake riƙe sandar.